Kwalbar Maƙwabcina a Cikin Randa

Shekarar da aka dawo da ni Gusau, bayan na daɗe ina aikin malamin gona a ƙauyukan Bungudu, na kama gida a wata unguwa da ke bayan layin dogo. Katanga ɗaya ce tsakanina da wani dattijo Kirista da matarsa, mutanen Binuwai. Ya yi aiki a asibiti, a wurin ba da magani, har ya yi ritaya, kuma ya haura shekara arba'in a garin. Hausar Zamfara ta zauna masa a baki sosai. Ina ce masa Baba, ina ce wa matarsa Mama, shi kuwa bai taɓa kirana da komai ba sai Malam, duk da cewa shekara biyu kacal na ba babbar 'yarsa.

Lokacin da muka saba, yana ta fara rufe masa ido. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana karanta ƙananan rubutu a jikin kwalaben magani ya koma sai ya kai takarda bakin hancinsa. Don haka ni nake karanta masa abin da ya fi ƙarfin idonsa.

Wata Asabar da hantsi, ana cikin zafin bazara, ya leƙo ta saman katanga ya ce in shigo in duba masa wani abu. 'Yarsa, wadda take aikin jinya a Afirka ta Kudu, ta zo bikin cikarsa shekara saba'in, kwana uku ke nan da komawarta. Na same shi a falo, a gabansa kan tebur ga wani abu mai tsawo an naɗe shi da zane. Mama tana tsaye a bakin ƙofar kicin, ta riƙe ƙugu.

Ya ce, "Malam, kafin in buɗe, bari in faɗa maka gaskiya. Abin da ke ciki ba halal ba ne a wurinka. Ba zan ce ka taɓa ba. Idonka kawai nike so."

Ya warware zanen. Kwalba ce baƙa wuluk, mai nauyi, an rufe bakinta da jan abu kamar dalma. A jikinta akwai takarda mai launin madara, da zanen wani farin gida mai doguwar baranda, bayansa duwatsu. Ba sai an gaya mini ba, na san giya ce. Abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne in miƙe in fita. Ban taɓa zama kusa da giya haka ba, kuma a jiharmu ba abu ne da ake gani a fili ba. Amma Baba ya riga ya juya bayan kwalbar wajena, ya riƙe ta da hannu biyu kamar mai nuna jariri, ni kuma idona ya riga ya faɗa kan rubutun.

Na karanta masa, ina mayar masa da shi Hausa yadda muka saba. Rubutun ya ce jan ruwan inabi ne, an haɗa shi daga irin inabi uku, kowane iri da gefen gonar da ake shuka shi. Ɗaya a gangaren dutse mai tsakuwa, ɗaya a ƙasa mai laka, na ukun a wurin da iskar teku take bugawa. Ana matse kowanne daban, a zuba a gangunan katako, ya yi wata da watanni, sannan wani gwani ya ɗanɗana ya faɗi yawan da za a ɗiba daga kowanne a gauraya. Ya ce gonar ta haura shekara ɗari biyu ana noma ta. A ƙasa kuma an rubuta cewa kwalbar ta riga ta yi shekara takwas, kuma za ta ƙara kyau in aka bar ta wasu shekarun, muddin an ajiye ta a kwance, a wuri mai sanyi da duhu.

Na sake karanta wannan layin na ƙarshe, wannan karon don kaina. Duk aikina na malamin gona yaƙi ne da lalacewa. Tumatir kwana uku ya ruɓe, wake ƙwari su huda shi, gyaɗa ta yi fumfuna. Ban taɓa jin amfanin gona da ake cewa a bar shi ya tsufa don ya fi kyau ba.

Mama ta ce, "Ni dai na ce masa ya kai wa fada, limamin cocinmu, ya huta. Mutumin da ko burkutu bai sha ba tun yana saurayi."

Baba ya ce, "Yarinyar nan ta ɗauko abin nan tun daga can, ta naɗe shi cikin kayanta. Ta ce in ajiye sai ranar da ta kawo mini jika. To, Malam, ina wuri mai sanyi a Gusau cikin watan nan?"

Tambayar ke nan da ta sa ya kira ni. Firij ɗinsu yana nan, amma wuta takan zo awa biyu ta tafi kwana ɗaya, kuma Baba, da yake tsohon mai ajiyar magani ne, ya san sanyi yau zafi gobe ya fi zafin kansa ɓarna. Ɗakinsu rufin kwano ne, da azahar ko ƙarfen gado ba ya taɓuwa.

Na ce zan yi tunani. Na koma gida ina gaya wa kaina ba ruwana. Amma har na gama cin abincin rana lissafin nake yi. A ƙauye mun sha koya wa masu lambu dabarar randa biyu: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a riƙa jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen buhu. Tumatir yakan kai mako biyu a ciki. Matsalar ita ce bakin randa ba ya karɓar kwalba a kwance. Sai an gina wata ta musamman, mai faɗin baki kamar kasko, mai zurfi kamar tukunya.

Matata ta lura ina zane a bayan wata takarda, ta tambaya. Na gaya mata. Ta dube ni.

"Yanzu kai ne za ka gina wa giya ɗaki?"

Na ce ba ni zan sha ba, ba ni zan ɗauka ba.

Ta ce, "Ni ban ce komai ba. Ka dai tambayi wanda ya fi ka sani." Ta kwashe kwanuka ta fita, amma daga tsakar gida na ji ta ƙara da cewa, "Wai da gaske in ta tsufa ta fi daɗi? To me ke hana ta ruɓewa?"

Ita ma abin ya kama ta ke nan.

Ina da gwaggo a Tsafe, ƙanwar mahaifina, wadda ta yi suna a ginin tukwane. A lokacin hanya ba ta kai yadda ta zama daga baya ba, mutum yakan fita da safe ya dawo kafin la'asar ba tare da gabansa yana faɗuwa ba. Baba ya auna kwalbar da karan dawa, ya karya daidai tsawonta, ya ba ni. Da shi na shiga mota.

Na sami gwaggo a bayan gida tana cuɗa yumɓu da ƙaiƙayi. Bayan mun gaisa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, na miƙa mata karan na yi mata bayanin irin abin da nake so. Ta juya shi a hannu.

"Mi za a sa ciki?"

Na ce kwalba ce.

"Kwalbar mi? Turare?"

Na ce ta wani maƙwabcina ce, abin da 'yarsa ta kawo masa daga waje.

Ta ajiye karan ta zuba mini ido. Tun ina yaro ban iya yi mata kwana-kwana ba. Na faɗa mata komai, har da gonar da gangunan da irin inabi uku. Na zaci za ta kore ni. Sai ta goge hannu a zaninta.

Ta ce, "Shekara hamsin ina ginin tukwane. Wadda anka dafa maganin haihuwa ciki, da wadda anka dafa abin da ban so in sani, duk hannuna sunka fito. Ban taɓa bin tukunya gidan mai ita ba. Amma wagga ita ta farko da anka gaya mini gaskiya." Ta sake ɗaukar karan. "Shekara takwas ka ce? Ba ta yi tsutsa ba?"

Na ce a rufe take, iska ba ta shiga.

"To mi ya sa sai kwance?"

Wannan na sani, don Baba ya yi mini bayani. Abin da aka toshe bakin da shi ɓawon wani itace ne, in ya bushe sai ya tsuke iska ta sami hanya. In kwalbar tana kwance, ruwan yana taɓa shi, ba zai bushe ba. Gwaggo ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa abin da ta daɗe da sani. Ta ce sabuwar randa ma haka take, in aka bar ta ba ruwa sai ta yi fushi ta tsage. Ta ce in dawo bayan mako uku, kuma in gaya wa maƙwabcin nawa yashin gulbi zai nema, ba na bakin hanya ba.

Ranar da na kawo randunan, Baba da kansa ya zaɓi wuri a ƙaramin ɗakin ajiyarsu da ke gefen gabas, inda inuwar dogon yaro take sauka. Na jera su, na zuba yashin, na jiƙa. Da aka zo sa kwalbar na ja da baya. Shi ya durƙusa da kyar, ya kwantar da ita a kan wani tsohon tawul. Ya fito da ma'aunin zafi irin na ɗakin ajiyar magani da ya ajiye tun yana aiki, ya sa a ciki. Washegari da azahar ya kira ni in karanta masa. Bambancin da ke tsakanin cikin randar da tsakar ɗakin ya ba mu mamaki mu duka. Daga ranar, safe da yamma, sai in ji ƙarar buta a ɗakin ajiyar, in san Baba yana ba yashinsa ruwa.

Maganar matata ba ta bar ni ba. Ƙarshen watan na tafi Bungudu wurin Alhaji, mahaifina. Manomi ne, bai yi boko ba, amma ya yi karatun allo da na littattafai gwargwado, kuma ba ya rufe wa mutum gaskiya. Na same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya, don an fara ganin hadari a gabas. Na ba shi labari tun daga farko.

Ya ce, "Ka sha?"

Na ce a'a.

"Ka ɗauka da hannunka?"

Na ce a'a, amma ni na kawo randar, ni na zuba yashin.

Ya ci gaba da fiƙe ƙotar. Can ya ce, "Ba zan ce maka ka yi daidai ba. Maƙwabci yana da hakki, wannan abu kuma an hana mu shi da duk abin da ya kewaye shi. Ka nemi gafara, kada ka ƙara matsawa kusa da haka." Na ce to. Na ɗauka magana ta ƙare, har na fara tambayarsa batun iri. Sai ya ajiye wuƙar.

"Gonar nan da ka ce. Shekara nawa?"

Na ce an rubuta ta haura ɗari biyu.

"Gona guda? Ba a raba ta gado ba? Ƙasar ba ta gaji ba?"

Na ce ban sani ba, abin da ke jikin takardar ke nan.

Batun haɗa iri uku bai ba shi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce ai kakata, mahaifiyarsa, ba ta taɓa yin fura da gero ɗaya ba. Takan ɗebi na jigawa ta haɗa da maiwar da aka noma kusa da fadama, kuma in aka kawo mata na wata gona takan gane tun a turmi. Abin da ya tsaya masa shi ne shekarun. Ya fara ƙirga namu da yatsa. Shi ya karɓi gonar bakin gulbi daga mahaifinsa. Mahaifinsa daga nasa uban, wanda aka ce shi ya dasa tsamiyar da ke kan iyaka. Daga nan ya tsaya, yatsa uku a miƙe.

"Kafin shi fa?" na tambaya.

Ya ce, "Ka ga abin kunya. Ban taɓa tambaya ba."

Bayan kamar mako biyu ya kira ni a waya, abin da ba ya yi sai da dalili. Ashe ya hau babur ɗin ƙanena an kai shi Karakkai, wurin wani ɗan'uwan kakanmu da ya haura shekara casa'in, ya wuni a can. Ya samo sunaye biyu a kan ukun da ya sani, da labarin cewa na farkonsu daga yamma ya zo da shanu, ya sayar da su ya zauna noma saboda wata mata. Ya ce in zo da takarda da biro. Na je na rubuta, ya sa na karanta masa sau biyu, ya gyara mini wani suna da na ji ba daidai ba. Sannan ya ce, "Maƙwabcin nan naka, ka kawo shi ya ga tamu."

Da damina ta zauna, gero ya kai ƙugu, na ɗauki Baba muka tafi. Ina ɗan fargaba, don ban san yadda za su kwashe ba. Alhaji ya tare shi a ƙofar gida, suka gaisa kamar sun san juna, aka kawo fura da nono, sannan muka gangara gona. Baba ba ya gani sosai, sai Alhaji ya riƙe masa gwiwar hannu a kan kunyoyi. Ina binsu a baya. Ya kai shi gindin tsamiyar, ya sa ya taɓa jikinta. Ya ɗebo ƙasar jigawa ya zuba masa a tafin hannu, suka gangara ya ɗebo ta fadama ya zuba masa a ɗayan. Baba ya murza su, ya sunsuna, ya ce a garinsu ƙasar doya ja ce, kuma rabonsa da taɓa ta tun rasuwar mahaifiyarsa.

Ba wanda ya ambaci giya a cikinsu. Alhaji "gonar can" kawai yake cewa. A hanyar dawowa ya tsaya ya ce, "Ina da tambaya. Takardar ta faɗi mai gonar, ta faɗi gwanin da ke haɗawa. Wa ya yi noman? Shekara ɗari biyu ba mutum guda ke duƙawa ba."

Baba ya ce bai sani ba, amma zai tambayi 'yarsa. Ya kuwa tambaya. Amsar da ta bayar, wadda na kai wa Alhaji daga baya, ita ce a zamanin farko bayi ne suka noma irin waɗannan gonaki, kuma har yanzu jikokin ma'aikatan ne suke tsinkar inabin a wurare da yawa. Alhaji ya ce ko a ƙasarmu akwai gonakin da ba masu su suka nome su ba, kuma tsohon Karakkai ya faɗa masa wani abu mai kama da haka game da na biyu a jerinmu, shi ne bai so ya sa in rubuta ba. Ya ce in ɗauko takardar in ƙara.

Kwalbar ta yi shekara huɗu a cikin randa. A tsakanin nan an yi wa Baba aikin ido ɗaya ya samu sauƙi, an ƙara mini girma a wurin aiki, hanyar Tsafe ta zama sai da addu'a, wasu daga cikin manoman da na sani suka bar gonakinsu na nesa suka dawo gari. Randar waje ta tsage sau ɗaya, gwaggo ta aiko da wata a motar kasuwa. In Baba ya yi tafiya, Mama ce take jiƙa yashin, tana yi tana mita. Ni kuwa, duk lokacin da na tuna, sai in yi ta tunanin abin da ke faruwa a cikin kwalbar nan a duhu. Na tambayi wani abokin aikina da ya karanci kimiyyar abinci. Ya ce abin da ya sani shi ne akwai wani sinadari mai ɗaure baki a ɓawon inabi da ƙwayarsa, shi yake laushi a hankali da shekaru. Ya ce amma zafi yana iya dafa ta tun tana rufe, kuma ba mai sani sai an buɗe.

Sai ga 'yar ta haihu. Da jaririyar ta yi wata biyar, 'yar ta zo da ita tare da mijinta, wani ɗan garinsu mai fara'a da yake aiki a can shi ma. Ranar Lahadi bayan sun dawo daga coci, Baba ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam, yau ce. Ba zan ce ka matso ba. Amma ba zan buɗe ba ka nan ba."

Na tuna maganar Alhaji. Na ɗauki kujerata na ajiye a bakin ƙofar falon, daga waje, inda nake ganin teburin. Mama ta miƙo mini kunun aya mai sanyi. Matata ta ce ita ba za ta shiga ba, amma na hango ta ta jingina da katanga ta ɓangarenmu, inda ake jin komai.

Ba su da abin buɗe irin wannan kwalba. Surukin ya yi ta fama da dogon sukuru da filaya, toshiyar ta karye biyu, rabi ya fito, rabi ya faɗa ciki. Aka tace da rariyar shayi. Launin ba ja ba ne sosai, ya fi kama da jan ƙasa mai duhu, gefensa kamar bulo. Daga inda nake zaune wani ƙanshi ya iso ni, mai nauyi, kamar na ɗinya da ta nuna ta faɗo, da wani abu kamar tsohon akwatin katako.

Baba ya yi addu'a a kan jikarsa, ya ɗaga kofin, ya kurɓa kaɗan. Duk muka zuba masa ido. Ya riƙe a baki, ya haɗiye, ya yamutsa fuska, ya sake kurɓa.

'Yar ta ce, "Baba, yaya?"

Ya juyo wajena.

"Malam, ban sani ba."

Na ce, "Ba ka san me ba, Baba?"

"Ban san ko ta lalace ba ne, ko haka ake son ta. Ban taɓa shan mai kyau ba, balle in gane marar kyau."

Shekara huɗu muna tsaron abu, ba wanda ya taɓa tunanin wannan a cikinmu. Aka juya ga surukin, tunda shi ya zauna a ƙasar. Ya juya kofinsa, ya sunsuna, ya ce lallai ta yi kyau ƙwarai. Matarsa ta fashe da dariya, ta ce kada a yarda da shi, a can ma lemo yake sha, kunyar surukinsa kawai yake ji. Ita kuma tana shayarwa, ba za ta taɓa ba.

Mama ta karɓi kofin mijinta ta ɗanɗana da ƙarshen harshe. Ta ce, "Tsamiya ce aka jiƙa da bagaruwa." Ta goge baki da gefen zani. "Kamar na lashi fatar da majema suka gama jima."

Surukin ya ɗauki kwalbar ya duba bayanta, ya ce ai kuwa an rubuta ana jin ƙanshin fata a ciki, da na taba, da na baƙaƙen 'ya'yan itace. Baba ya ce to a bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya rufe ido ya kurɓa, ya ce fatar dai ga ta nan, Mama ta riga ta samo ta. Taba kuma wataƙila. 'Ya'yan itacen ne ya nema bai gani ba. Ya daɗe yana nema, da gaske, yadda na san yana duba takardar magani a da. Daga baya ya ce da ta ɗan zauna a kofin ta rage ɗaure baki, har ya ji wani zaƙi-zaƙi can ƙasa, amma ba zai rantse ba.

Daga bayan katanga matata ta ɗaga murya ta ce, "Mama, wai ta yi ko ba ta yi ba?"

Mama ta ce, "'Yata, su ma ba su sani ba!"

Aka yi ta dariya har jaririyar ta farka. Baba bai ƙarasa ko rabin kofinsa ba. Ya ajiye, ya karɓi jikarsa, ya ce shi dai ya cika alkawari.

Har yau ban san amsar ba. Na gaya wa abokin aikin nan nawa yadda launin yake da abin da suka ce, ya ce duk alamun suna iya zama na wadda ta tsufa da kyau, suna kuma iya zama na wadda zafi ya taɓa. Ba zai iya yanke hukunci da labari ba.

Da la'asar a ranar, Mama ta yi sallama a ƙofarmu da kwano a rufe. Sun yanka akuya saboda baƙin, kuma duk ranar da suka yi irin wannan girki sai ta aiko mana da dafaffe. Matata ta buɗe ta ga ɗanyen nama ne, cinya guda, wanda mahaucin unguwarmu ya yanka musu da safe.

Mama ta ce, "Yau sai dai ki dafa da kanki. Surukina ya ce a can da ragowar abin nan suke dafa nama, na juye shi duka a tukunya. Ba zan ba ku wannan ba."

Matata ta yi godiya, ta ce, "To naman fa, ya yi daɗi?"

Mama ta ɗan yi tunani. Ta ce, "Ya yi laushi dai. Amma sai da na ƙara daddawa."